Shekarar da Aka Fasa Kwalaben Kuku

Bana ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya zo da wuri, ya jiƙa ƙasa har ƙafa tana nutsewa, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona, sai da gero ya fito ya yi kunne biyu sannan sama ta kama bakinta. Kullum da la'asar hadari sai ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsar da shanyar mutane, kafin a gama shigar da awaki ya baje kamar ba a yi ba.

Jikana Nasiru, wanda nake ce wa maigidana tunda shi ke cefane kuma shi ke yi mini faɗa, ya rataye 'yar rediyonsa a reshen darbejiyar tsakar gida. Maƙwabta sai leƙowa suke yi suna tambaya, "Nasiru, me ta ce? Yaushe za a yi ruwan?" Shekaranjiya na ji wannan tambayar na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ya ce, "Tsohuwa, lafiya?" Na ce masa lafiya lau. Ta ina zan fara gaya masa cewa a wannan tsakar gidan aka taɓa tuhumar rediyo da satar damina?

Lokacin ina amarya, ban daɗe da rufa shekara a ɗaki ba, da ɗan ƙaramin ciki wanda daga ni sai surukata, Inna, muka san da shi. Turawa sun riga sun zauna da gindinsu, amma mu da ke bayan duwatsun Dutse sai dai mu ji labarinsu, da labarin jirgin ƙasan da bai jima da fara ratsa Ringim ba. A can Ringim ɗin mijina ya yi shekaru yana dafa wa wani Baturen reluwe abinci, shi ya sa ƙauyen kaf ake ce masa Kuku. Ni Malam nake ce masa. Da mahaifinsa ya rasu sai ya dawo gida ya shiga gandu a ƙarƙashin ƙanin mahaifin nasa, Baffa, wanda shi ne mai unguwa, kuma shi ke riƙe da rumbunan gidan. Gona ɗaya ake nomawa, tukunya ɗaya ake ci, kuma ba mai zaro ko zangarniya ɗaya daga rumbu sai Baffa ya ce a zaro.

Malam bai dawo da dukiya ba. Abin da ya dawo da shi wani akwati ne na katako mai sheƙi, wanda Baturen ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Wayar iska ake ce masa a lokacin. Ya ja wata doguwar waya daga tankar ɗakinmu ya ɗaure a ƙololuwar dabinon bayan gida, ya jona batir mai nauyin tsiya wanda sai an ɗora wa jaki an kai Ringim ake ba shi wuta. In ya murɗa wani ɗan maɓalli, akwatin sai ya yi shiru tukuna kamar mai tunani, sannan ya fara huci, sannan murya ta fito. Turanci ne yawanci da kiɗan da ba ya rawuwa, wani lokaci kuma Larabci. Ba mai jin ko kalma ɗaya, har shi Malam ɗin rabi yake tsinta, amma duk bazarar nan ƙofar gidanmu ba ta rabo da mutane in rana ta yi sanyi.

Tun ranar farko Baffa bai saki jiki ba. Ya ce shi tunda yake bai taɓa jin Bature ya yi kyauta banza ba, kuma abin da ke da baki to yana da kunne. Ni ma, in faɗi gaskiya, ba na canza zane a ɗakin sai na rufa wa akwatin tabarma.

Bazarar ta yi zafi irin wanda duwatsu ke riƙewa su dawo maka da shi bayan magariba. Da asuba mu mata mu tafi rijiya, guga na dawowa rabi ruwa rabi laka. Mu dawo mu yi surfe, mu yi daka, mu dama fura, maza kuma suna sharar gona suna kai taki a mangala. In rana ta take sai kowa ya nemi inuwa, ni in jawo ƙwaryar audugata in zauna jikin zana ina kaɗi. A nan nake zaune ranar da bakin Malam ya jawo mana abin da ya jawo, domin tsakanina da mazan da ke ƙofar gida zanar nan ce kawai, kuma tana da huji daidai idona.

Wani ne ya matsa masa da tambayar wane ne a cikin akwatin. Malam mutum ne mai son a tambaye shi. Ya kwance bayan akwatin ya juyo da shi, sai ga wasu 'yan kwalabe a tsaye reras, ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kowacce da ɗan ja a cikinta kamar garwashin da toka ta rufe, kanta kuma da tabo mai ƙyalli irin na azurfa.

"Ba kowa a ciki," in ji shi. "Waɗannan ne ke aikin. Kuma ku ji abin mamaki, mata ne ke ƙera su. Maigidana ya ce ƙanwarsa ma a gidan ƙirar take. Su zauna reras a kan benci, kowacce da 'yar matsefata irin ta cire ƙaya. Su ɗauki wayar da ta fi gashin jariri siranta su kafa, su naɗe ta da wata wayar kamar yadda ake naɗa zare a mazari, su kewaye da ɗan fallen ƙarfe. Duk a dasa a kan gindi na gilashi. Sai a kifa kwalba a kai, a narka bakinta da wuta ya haɗe da gindin, a bar 'yar cibiya guda a ƙasa."

Wani ya ce, "Cibiya kuma? Haihuwarta ake yi?"

Aka yi dariya. Malam ya ce, "Ka bari ka ji. Ta cibiyar nan ake jona wani zugazugi, amma nasu ba hurawa yake yi ba, zuƙa yake yi. A yi ta zuƙe iskar cikin kwalbar. Ana zuƙa ana gasa ta, don har iskar da ta laɓe a jikin ƙarfen ta fito. In an zuƙe tas sai a ɗora wa cibiyar harshen wuta, ta narke ta toshe, a tsinke."

"To kwalba ba iska, me ya rage a ciki?"

"Babu. Ai babun ce ke aiki. Da iska a ciki ko tari akwatin nan ba zai yi ba." Ya nuna tabon nan mai ƙyalli da ɗan yatsa. "Wannan kuma magani ne, bayan an toshe ake ƙona shi a ciki. Aikinsa ke nan, duk iskar da ta yi saura, ko wadda ta saci hanya ta shigo, ya lanƙwame ta. Ba ya ƙoshi. Kwalbar nan har ta mutu da yunwar iska take."

Baffa yana gefe a kan buzunsa yana jan carbi, duk hirar nan bai tanka ba sai a nan. Ya ce, "Ka ce ba ya ƙoshi?"

"Ba ya ƙoshi, Baffa."

Baffa ya ce, "Uhm," ya ci gaba da jan carbinsa. Baki shi ke yanka wuya, amma ranar ba wanda ya ga wuƙar, har ni.

Da ya shigo ɗaki yana ta jin daɗin kansa, na ce masa ni ban yarda mace za ta iya wannan aikin ba. Don ya burge ni sai ya buɗe adakarsa ya fito da wani gwangwani. Malam ba ya iya ganin abin Bature a juji ya wuce, murafu ne, kusoshi ne, duk yana tarawa. A cikin gwangwanin akwai irin kwalaben nan, waɗanda maigidansa ya zubar. Ya ce, "Duba kansu, Hanne. Waɗannan sun tsage, iska ta shiga. Da zarar ta shiga, azurfar sai ta koma fari fat kamar allin kaɗinki. Mai azurfa tana da rai, mai farin kai ta mutu." Na duba, na ce to na gani, na koma kan tuwona.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfinsa. Na tuna ƙamshin ƙasar nan, da yadda yara suka fita tsirara suna tsalle. Washegari gidan kaf muka fita, maza a gaba suna sara da sungumi, mu a baya muna jefa iri muna takewa da diddige. Gero ya fito, gonar ta yi kore shar, Inna har ta fara lissafin wanda za ta ba dami sadaka. Daga nan sai ruwa ya ɗauke.

Ba wai hadari ya daina zuwa ba ne, da ya fi sauƙi. Zuwa yake yi kullum. Gabas ta yi duhu, a ji rugugi daga nesa, kaji su shige akurki, mu kife turame mu jera tukwane a ƙarƙashin indararo. Iska ta iso da sanyinta har ka ji ƙamshin ruwan da aka yi a wani gari. Tana isowa kanmu sai ta mutu, hadarin ya rabe biyu, rabi ya bi ta wajen Taura, rabi ya yi kudu, mu a bar mu da tukwane a bushe. Geron ya naɗe ganyensa, ya yi fari, ya kwanta. Rairayi mai zafi ya binne sauran.

Rumbu kuma ya yi ƙasa. Tuwon dare ya koma kunu, kunun ya koma farau-farau. Da hantsi mu bazu a fadama muna tsinkar tafasa da yaɗiya, mu dafa mu kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba da gishiri kawai. Maza su tono muruci a gindin giginya. Dusar da muke ba awaki ita muka koma tankaɗewa. Ni ga ciki, bakina kullum ɗaci, in na sunkuya ɗaukar tulu sai ƙasa ta juya mini. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, aka yi sadakar gumba da ɗan abin da ya rage, tsofaffin mata suka sa rigunan maza suka saɓi fartanya suka zaga gari. Sama ta dube mu ta yi shiru.

Ban san bakin da maganar ta fara fitowa ba. Na dai lura in na iso rijiya hira sai ta tsinke. Rannan wata mata da muke gaisawa da ita lafiya lau ta dube ni ta ce, "Matar Kuku, har yanzu kwalabenku ba su ƙoshi ba?" Ba wadda ta yi dariya. Na ɗauki tuluna rabi na taho.

Abin da ya fi damuna shi ne, ni kaina na riga su zargi. Da la'asar Malam ke kunna akwatin, kuma da la'asar hadari ke tasowa. Wayar nan ta kan dabino, in iska ta bugo ta, wani irin kuka take yi siriri. Sannan akwai abin da ni kaɗai nake kusa da shi har na lura: duk walƙiyar da aka yi a gabas, a daidai wannan ƙiftawar akwatin sai ya yi ƙaras-ƙaras, kamar mai tauna aya. A yi walƙiya, ya tauna. A sake yi, ya sake taunawa. Jim kaɗan hadarin ya watse. Wanda ya ji wannan da kunnensa, cikinsa ba komai sai ganyen tafasa, ba ya buƙatar wani ya zuga shi.

Inna ce ta fara yi masa magana. Ba ta kiran sunansa, tunda shi ne ɗanta na fari. Ta ce, "Kai wannan, ka dubi girman Allah ka sauke wayar nan. Ruwa ba ya tsami banza, gari duk kai ake kallo." Ya yi gardama, ya ce a Ringim shekara nawa akwatin nan yana magana ana ruwa har jirgi na tsayawa. Amma ya hau dabinon ya sauke wayar, ya daina kunnawa. Hadari ya zo ya sake watsewa. Sai aka ce ai dama ba sai an kunna ba, da bakinsa ya faɗa, kwalbar ko tana barci da yunwa take.

Ran nan bayan sallar azahar Baffa ya kira shi zaure, ya sa aka kira Inna, ni kuma ina laɓe a bayan ƙofa. Baffa bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa.

Ya ce, "Irin da ya rage a rumbu na shuka ɗaya ne. In ya bi na farko, gidan nan ya tashi. Ba zan zuba shi a ƙasa ba muddin kwalaben nan suna cikin gidan nan da rai. Gobe da hantsi ka fasa su a gaban jama'a. In ba za ka iya ba, ɗauki akwatinka da matarka, na sallame ka daga gandu."

Malam ya ce, "Baffa, in na fasa su ai na yarda ke nan ni na ɗaure ruwa."

"Ban ce kai ka ɗaure ba. Na ce ka kawo abin da ba ka san ƙarshensa ba."

"Wallahi gilashi ne da waya."

"Da yunwa," in ji Baffa. "Kai ka faɗa, ba ni ba."

Fita daga gandu a wannan lokacin ba ƙaura ba ce, halaka ce. Ba iri, ba tukunya, ba gona, ga ni da ciki. Gidanmu a wajen Garki su ma labarin da ke zuwa ba daɗi. Malam ya taso daga zaure ya shige ciki. Na bar shi a ɗaki da akwatinsa na tafi tsinkar ganye, ina tafe ina roƙon Allah ya karya masa taurin kai.

Da hantsi ƙauyen kaf ya taru a gindin tsamiyar ƙofar gida. Aka kawo dutsen niƙa aka ajiye a tsakiya. Mu mata muna cunkushe a bakin zaure. Malam ya fito rungume da akwatin, ya durƙusa, ya kwance bayansa, ya fara zaro kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan dutsen. Mutane suka ja da baya, wata ta janye ɗanta. Na ce a raina alhamdu lillahi. Sai rana ta faɗa kan kwalaben, na ga kawunansu fari fat kamar alli.

Matattun nan na cikin gwangwani ne. Na dubi fuskokin mutane, ba wanda ya lura. Sau ɗaya suka taɓa ganin cikin akwatin, tun bazara, kuma wa zai riƙe launin kan kwalba? Amma Baffa ba a yi masa gaggawa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonsu bai taɓa ba, sannan ya ɗago ya nemo ni da ido a cikin mata.

Ya ce, "Ke amarya, ke kike share ɗakin nan. Su ne?"

Duk aka juyo. Malam bai ɗago ba, na dai ga jijiyar wuyansa tana motsi. In na ce ba su ba ne, kafin azahar muna kan hanya, kuma wannan karon da sunan wanda ya yaudari dattawa. In na ce su ne, alhali masu ran suna ɓoye a wani wuri suna shanye hadari, to da bakina na kashe gari. Na sunkuyar da kai, na cusa gefen mayafina a baki.

Inna ta ce, "Haba mai unguwa, yaushe yarinyar nan ta taɓa buɗe baki a gabanka? Kunya take ji. Shirunta ai amsa ce."

Baffa ya gyaɗa kai. Malam ya ɗauki ɗan dutsen ya bi su ɗaya-ɗaya. Ko ƙarar kirki ba su yi ba. Mutane sun zaci guguwa za ta fito, har wasu sun dafe huluna, da ba a ga komai ba sai aka fara kallon juna. Baffa ya ce, "Ta fita. Dama ido ba ya ganin iska." Aka tona rami aka binne garin gilashin, liman ya yi addu'a, aka watse ana kallon gabas.

Ranar ba a yi ko hadari ba. Washegari ma haka. Sama ta yi fari ƙal, rana kamar a kan mutum aka hura ta. Wata tsohuwa a bayan gidanmu ta kwanta ba ta tashi ba, aka ce tsufa ne, amma kowa ya san abin da ke cikin tukunyarta. Ni kuwa abinci ma in an samu ba ya wuce mini. Duk wanda na gani da ƙashin wuya a waje sai in ji kamar ni na zare masa nama. In Malam ya fita sai in hau neman kwalaben masu rai. Na duba adaka, na duba ƙarƙashin gado, na soka hannu a jinka har kunama ta kusa samuna. Ban same su ba sai ranar da na haƙura na jawo ƙwaryar audugata zan yi gurza. Na tura hannu ƙasa na ji sanyin gilashi. A cikin kayana ya ɓoye su, inda ya san ba namijin da zai taɓa.

Na fito da su na jera a kan dutsen gurza. Azurfar nan tana ta ƙyalli, a ƙoshe, mu muna ramewa. Na ɗauki ƙarfen gurzar na riƙe. A haka ya shigo ya same ni, da ɗan ƙunshin muruci a hannu.

Na ce, "Malam, ka sa ni ƙarya a gaban jama'a."

Ya ce, "Ai ba ki ce komai ba."

"Shi ya fi muni."

Ya ajiye murucin ya zauna a dokin ƙofa. Sai a lokacin na lura yadda ya zube, rigar tana reto a jikinsa. Ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke hannuna, sannan ya ce, "Ke ma, Hanne?"

Na ce, "Ban sani ba. Ni dai da kunnena na ji shi yana tauna walƙiya."

"Walƙiyar ce ke shigar masa, ba shi ke kamo ta ba."

"Haka Baturen ya ce maka. Shi da ya tafi ya bar mana."

Ya ce, "Shekarun da na yi ina hura wa wani wuta, abin da na fito da shi ke nan. Kuma na san ba su ɗauki ruwan kowa ba. Amma ga ƙarfe a hannunki. In kin yarda su ne, fasa, ba zan riƙe ki ba."

Na so in fasa, Allah ya sani. Na kuma ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duk a lokaci guda. Na ce, "Zan jira hadari ɗaya. In ya zo ya watse, wallahi da hannuna zan niƙe su, kuma in fita in faɗa." Ya ce ya yarda.

Sai da aka ƙara 'yan kwanaki kafin gabas ta sake yin duhu. Kowa ya fita tsakar gida, ni na shige ɗaki na zauna, ƙwaryar a tsakanin ƙafafuna, ƙarfen a hannuna. Ina jin rugugi yana matsowa. Iska ta iso ta ɗaga asabarin ƙofa, ta kaɗa jinka, sannan ta lafa kamar yadda ta saba, daidai inda kullum take mutuwa. Na yaye audugar. Na ɗaga ƙarfen. Sai na ji tap a kan jinka, kamar an jefo tsakuwa, sai wani, sai wani. Kafin in sauke hannuna ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, Inna tana rangaɗa guɗa a waje, ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Na kifa kaina a kan audugar na yi ta kuka, kwalaben suna nan lafiya lau a ƙarƙashin goshina.

Gari na wayewa Baffa da kansa ya hau rumbu ya sauko da irin. Aka taru a tsakar gida ana rabawa a ƙore, kowa ƙafarsa da laka, fuskarsa da murmushi. Da ya zo kan Malam sai ya tsaya da ƙoƙon a hannu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To, Kuku. Ka gani ko?"

Malam ya dube ni sau ɗaya. Mutum biyu ne a duniya suka san cewa ruwan nan ya wanke shi, shi da ni, kuma ba wanda zai iya buɗe baki a cikinmu. Ya rusuna ya miƙa hannu biyu.

Ya ce, "Na gani, Baffa."

Baffa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya wuce. Kowa yana kuskure." Ina ganin wannan dafawar ta fi masa ciwo a kan komai.

Muka shuka, damina ta zauna, aka samu abin da aka samu. Da kaka na haifi uban Nasiru. Akwatin bai sake magana ba. Yaya za a yi ya yi, alhali gari duk ya ga an binne kwalabensa? Ya zauna a lungu har kazar Inna ta mayar da shi wurin ƙwai. Duk shekarar da ruwa ya yi jinkiri sai wani ya tare Malam a hanyar masallaci ya ce, "Kuku, ba dai ka sake sayo kwalba ba ko?" Ya yi murmushi ya wuce. Har lokacin da rediyo ta cika gari, kowane teburin mai shayi da tasa, ban taɓa ganin ya zauna sauraron ta wani ba. Bayan rasuwar Baffa na ce masa ya fito da su ya nuna, ya wanke kansa. Ya ce ba zai ƙaryata mutum yana kabari ba. Da wannan sunan ya rayu, da shi aka kai shi.

Cikin kwalaben guda ɗaya ta rage mini, sauran kuwa shekaru da jikoki sun ci su. Jiya da hadari ya sake tasowa ya watse, Nasiru yana waje yana gaya wa maƙwabta abin da rediyonsa ta ce, na jawo ƙwaryar na yaye tsohuwar audugar. Azurfar tana nan yadda matan can suka bar ta, ko dusashewa ba ta yi ba. Ni kaɗai na rage a duniya da zan iya rantsuwa cewa kwalbar nan ba ta taɓa shan ɗigon ruwan kowa ba. Duk da haka sai da na tura ta can ƙuryar gado, nesa da taga, na rufa mata zane biyu. Allah ya jiƙan Malam. Da yana nan da ya zauna a dokin ƙofa ya ce, "Ke ma, Hanne?"